Tari Biyu a Gida Ɗaya

Badarawa, Kaduna
13 ga Satumba, 2021

Zuwa ga ɗiyata Fadila, likitar dabbobi a Ƙauran Namoda,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa tare da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Yaya ruwa, yaya kuma haƙuri da halin da kuke ciki? Tun da aka datse muku waya ban ji muryarki ba, sai na ce to, ranar karatun da na yi a ajin yamma ta zo. Waɗanda suka yi mini dariya ina riƙe da littafi ga furfura, yau su ke zuwa in rubuta musu. Garba direba mai lodin Gusau a tashar Kawo shi zai ɗauko wannan, ya ba motar Ƙaura ta kai miki.

Albishirinki! Nusaiba matar ɗana Sagir ta sauka lafiya, an samu namiji. Jiya Lahadi aka raɗa suna, kuma kin san sunan wa aka sa? Maliki! Da liman ya faɗi sunana sai na zauna a kan tabarma ina dariya hawaye na zuba. Kin san shekarun da yaran nan suka yi suna jira. Da ƙanena Yakubu, mahaifinki, yana raye, da shi zai fi kowa tsokanata. Yaron baƙi ne kamar ni, ga kunnuwa irin na gidanmu. Innarki Tani ta ce ta yi sabon miji, in tattara kayana in ba su wuri. Na ce mata mijin da ba shi da haƙori ko ɗaya, mu ga yadda zai yi cefane.

Ki taimaka ki aika wa Harira, mahaifiyar Nusaiba, a ƙauyensu na bayan Ƙaura. Da can aka so yarinyar ta je wanka, amma hanya ba ta biyuwa, ita ma uwar ba halin ta zo. Don haka Tani ta ɗauki abin a kanta. Ta rantse ba wanda zai ce ta yi wa ɗiyar mutane wankan jego rabi da rabi. Safe da yamma ganga na kan wuta, ganyen dalbejiya ya cika tsakar gida, ga kunun kanwa da romon ƙauri ba yankewa.

Yanzu ga abin da ya rage mini daɗi. Kin tuna Duna, karen da muka yi gadin shagon katako tare a Kawo, na taho da shi gida da na ajiye aiki? Ya tsufa, bakinsa ya yi fari. Tun farkon damina yake ɗan tari, amma tun da aka yi haihuwar nan abin ya yi tsanani. Da rana lafiya lau yake. Sai dare ya yi, ya kwanta a gefen zaure kusa da tagata, ya fara. Tari ne busasshe, a ƙarshe ya yi kakari kamar ƙashi ya maƙale masa, amma ba abin da ke fitowa. Sai ya miƙe tsaye ya miƙa wuya, ya ɗan lafa, in ya sake kwanciya ya dawo. Na buɗe bakinsa na haska, ban ga ƙashi ba.

To ita ma Nusaiba ta fara tari. Ni ban gan ta ba, kin san ba na shiga sashen surukata, daga bayan labule take gaishe ni. Amma ina jiyo ta. Tani ta ce Duna ne ya shafa mata, kuma kafin ya kai ga jaririn dole karen ya bar gida, ko da masu sayen karnuka za a ba. Fadila, in har shi ne, da hannuna zan kai shi, don ba zan haɗa kare da uwar takwarana ba. Amma ina son in ji daga bakin wadda ta karanta. Shin tarin kare yana kama mutum?

Ki gaida kowa. Tani na gaishe ki, angonta ma ya ce a gaishe ki.

Babanki,
Maliki

*

Ƙauran Namoda
16 ga Satumba

Zuwa ga Baba Maliki,

Wa alaikumus salam. Baba, ina wuni, ya gida, ya Inna da maijego? Mu nan lafiya, sai godiya. Barka, barka! Allah ya raya Maliki ƙarami, ya sa ya gaji rubutun kakansa, amma ban da kunnuwan. Na karanta wa yara takardarka har sau biyu suna tsalle. Na aika wa Inna Harira ta hannun wata mai kawo mana nono, ta ce a yi muku barka, ta kuma yi wa Inna Tani godiya har da kuka.

Game da tambayarka, da wuya ƙwarai tarin kare ya kama mutum. Irin wanda ka kwatanta kuwa ban ma zaci ciwon da ake ɗauka ba ne. Tsohon kare mai tari da dare in ya kwanta, ya samu sauƙi in ya tashi tsaye, abin da muke fara zargi shi ne zuciya. In zuciya ta gaji ba ta tura jini yadda ya kamata, sai ruwa ya taru a huhu, ko ita kanta ta kumbura ta danne hanyar iska. Da rana yana tsaye yana yawo, abin ba ya damunsa sosai. In ya kwanta sai ya ji kamar an danne shi. Ba zan yanke hukunci daga nan ba, don akwai tsutsa da sauran cututtuka masu kawo tari. Ka kai shi asibitin dabbobi a saurari ƙirjinsa. Kafin nan ka lura mini: yana saurin gajiya? Cikinsa ya kumbura? In yana barci numfashinsa na sauri? Ku daina neman ƙashi a maƙogwaronsa, kada ya cije ku a banza.

Don Allah kada a ba masu saye. Ka ce wa Inna ni na roƙa.

Amma Baba, in ba daga Duna Nusaiba ta samu ba, to nata tarin yana da nasa dalili, kuma ba mu san shi ba. Ka rubuta mini shafi guda a kan kare, ita kuwa layi biyu. Sagir ya kai ta asibitin da ta haihu a duba ta, kada a tsaya a kemis. Ka kuma sa Inna ta gaya maka yadda take kwana da yadda take cin abinci, ka rubuto mini.

Na sa wa takwara 'yan riguna a leda, Garba zai ba ka.

Ɗiyarka,
Fadila

*

Badarawa, Kaduna
20 ga Satumba

Ɗiyata Fadila,

Assalamu alaikum. Ina fata kun tashi lafiya. Mu nan alhamdu lillahi. Riguna sun iso, takwara ya sa shuɗiyar ya yi mata fitsari nan take, Tani ta ce alamar ta yi masa ke nan. Cibiya ta warke sarai, kuma jiya ya kama yatsana ya ƙi saki.

Allah ya yi miki albarka. Na tsaya a tsakar gida na karanta musu inda kika ce tarin kare ba ya kama mutum, da ƙarfi yadda maijego ma za ta ji daga ɗaki. Tani ta ce, “To Malam, mun ji, likita ta wanke abokinka.” Hankalin kowa ya kwanta.

Na kai Duna asibitin dabbobi a keke mai ƙafa uku. Sai da na tsayar da uku kafin na samu wanda ya yarda ya ɗauke mu, shi ma ya ce kada karen ya taɓa kujera. Wani matashin likita ya sa abin sauraro a ƙirjinsa, ya daɗe, sannan ya sa mini a kunne ya ce, “Baba, ji da kanka.” Fadila, na ji zuciyar tana huci kamar famfo mai yoyo. Ni a zatona ciwon zuciya na manyan ma'aikata ne masu tunanin ofis. Ashe har kare! Duk abin da kika lissafa ya same shi a jikinsa. Cikin da nake cewa ƙiba ce ta jego ta same shi, wai ruwa ne.

Ya tambaye ni me yake ci. Na ce tun haihuwar nan ai Duna sarki ne, sauran romon ƙauri nasa ne, sauran kunun kanwa ma nasa ne, kwano cike safe da yamma. Likitan ya ajiye biro ya dube ni. Ya ce gishiri da kanwa suna riƙe ruwa a jiki, mai raunin zuciya kuwa ruwan ne ke shaƙe shi, wato ni da hannuna nake ƙara masa. Ya ce ciwon ba ya warkewa, amma ana lallaɓa shi. Ya ba da ƙwayoyi, ɗaya ta fitar da ruwa, ya ce tuwo zalla da ɗan nama marar gishiri. Na dawo ina mamakin yadda abincin da ke gina maijego yake rushe kare.

Batun Nusaiba kada ki damu. Tunda ba na Duna ba ne, Tani ta ce sanyi ne ya shige ta, irin wanda ke kama maijego in wanka bai ratsa ta ba, ga damina. Na faɗi maganar asibiti, ta ce ba a fita da ɗanyen jiki cikin wannan ruwa kafin arba'in, in aka fita ma sanyin ƙaruwa zai yi. Sagir ya sayo maganin tari na kwalba. Tani ta ƙara wuta, ta ƙara kanwa a kunu, ta kuma sa kaskon garwashi a ƙarƙashin gado.

Na tambayo miki abin da kika ce. Tani ta ce jego ya karɓe ta, ta yi ɓulɓul, har takalmanta sun daina shiga, zoben hannunta ma sai da aka sa sabulu. Ci ne dai ba ta yi sosai, kurɓa kaɗan sai ta ce ta ƙoshi, shi ya sa Duna ke samun rabo mai yawa. Yanzu da aka hana shi, Tani na tsaye a kanta sai ta shanye. Kwana kuwa a zaune take yi ta jingina da bango, ta ce ta fi jin daɗin haka. Tani ta ce ɗoki ne na haihuwar fari, ba ta son ta yi nisa da yaron. Da safe in ta gaishe ni na ce ya jiki, sai ta ce, “Da sauƙi, Baba.” Yarinya mai kunya, muryarta ma da ƙyar ake ji.

Ki gaya wa Harira ɗiyarta na hannu nagari.

Babanki,
Maliki

*

Ƙauran Namoda
22 ga Satumba

Baba,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya. Ka yafe mini gajeriyar gaisuwa.

Ku kai Nusaiba babban asibiti a ranar da wannan takarda ta same ka. Ba gobe ba, ba bayan arba'in ba.

Baba, ka sake karanta abin da ka rubuto mini. Ƙafa ta kumbura har takalmi ba ya shiga. Ba ta iya kwanciya sai a zaune. Tari da dare. Kurɓa kaɗan ta ƙoshi. Murya ba ta fita. Wannan ba ƙiba ba ce, ba ɗoki ba ne, ba kunya ba ce. Abin da likita ya nuna maka a jikin Duna shi nake jin tsoro a jikinta. Ba daga gare shi ta ɗauka ba, amma akwai ciwon zuciya da ke kama mata bayan haihuwa, kuma an san shi sosai a ƙasarmu. Ni ba likitar mutane ba ce, ina roƙon Allah ya sa na yi kuskure. In ban yi ba, kowane kwanon kunun kanwa da kowane wankan tafasasshen ruwa ƙara mata kaya yake yi.

A tsayar da kanwa. A fitar da kaskon nan. Kada a tilasta mata kwanciya. In kana shakka, ka sa Inna ta danna yatsa a ƙaurinta ta ɗaga. In wurin ya lotsa bai taso ba, ruwa ne.

Na san ba ka shiga ɗakinta, na kuma san wanka hurumin Inna ne. Nusaiba ba za ta taɓa ce maka ba sauƙi ba, ko tana mutuwa. Ba za ta ce wa Inna ta gaji da kunu ba, don kada a ce ta raina hidima. Sagir kuwa ba zai ƙetare maganar mahaifiyarsa ba. Kai kaɗai ka rage.

A Gusau nake ƙarasa wannan, na zo da kaina in damƙa wa Garba. Na rubuta masa lambar Sagir, na roƙe shi da zarar ya isa inda waya ke kamawa ya kira kafin ya ƙaraso. Ban gaya wa Inna Harira komai ba.

Fadila

*

Badarawa, Kaduna
25 ga Satumba

Ɗiyata Fadila,

Assalamu alaikum. Ina fata lafiya, don shirun ya yi yawa. Na je tashar Kawo neman amsarki, aka ce Garba bai dawo ba tun tafiyarsa, ba wanda ya san inda ya tsaya. Allah ya sa ba wani abu ya same shi a hanya ba. Zan ba wani direban wannan.

Takwara na nan lafiya, yana ƙara nauyi, sai dai kukansa ya yi yawa, Tani ta ce nono ne bai isarsa.

Abin mamaki, Duna ya samu sauƙi. Fitsari yake yi kamar an buɗe famfo, cikin ya saɓe, tarin ya ragu ƙwarai. Shekaranjiya har ya yi wa mai tallan gawayi haushi, abin da ya daɗe bai yi ba.

Amma ban ji daɗin da ya kamata in ji ba. Da can tari biyu nake ji, nasa kusa nata nesa. Yanzu da nasa ya lafa sai nake jin nata sosai, kuma ba irin na da ba ne, kamar akwai ruwa a ciki. Maƙwabta mata sun fara cewa ciwon ne ya bar karen ya koma kanta gaba ɗaya. Na ce musu likita ta ce ba haka ba ne, sai suka ƙyale ni irin yadda ake ƙyale tsoho. Wata ta kawo turare a yi mata hayaƙi, na ji tarin ya ƙaru, Tani ta ce alamar sanyin na fita ne.

Yau da safe ba ta gaishe ni ba. Tun da aka kawo ta gidan nan ba a taɓa yin haka ba. Na tsaya a bakin labule na yi gyaran murya, sai Tani ta leƙo ta ce ta samu barci ne, kada a tashe ta. Na tambayi Sagir, ya sunkuyar da kai ya ce Inna ta ce a yi haƙuri zuwa arba'in.

Na sake ɗauko takardarki na karanta ni kaɗai. Na ga inda kika ce nata tarin yana da nasa dalili. Ranar da na karanta musu a tsakar gida ban kai nan ba, na tsaya inda ya yi mini daɗi. Ki rubuto ki gaya mini ko in matsa a kan asibitin. Tani ta haifi bakwai ta yi wa mata da yawa wanka a unguwar nan, ban san da wane baki zan ce mata ba ta iya ba.

Babanki,
Maliki

*

Kaduna
29 ga Satumba

Ɗiyata Fadila,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya. A kan bencin asibiti nake rubuta wannan, in kin ga layin ya karkace ki yi haƙuri. Nusaiba na da rai.

Garba ya iso ranar Lahadi bayan la'asar, rigarsa duk baƙin mai. Injin motarsa ne ya buga a Tsafe, inda ba waya, ya kwana uku yana neman kayan gyara. Da ya fito wayarsa ba caji, bai ma tsaya a tasha ba, ya zo gidan kai tsaye. Yana miƙo mini ya ce, “Baba, yadda likita ta riƙe hannuna da ta ba ni, ka karanta yanzu.”

A tsaye na karanta a zaure. Da na kai inda kika jera abubuwan da ni kaina na rubuta miki, sai na gane sakacina. Ni na ji zuciyar Duna da kunnena, ni aka yi wa bayanin kanwa, na dawo gida na zauna ina kallo ana dama wa yarinya ita.

Na shiga tsakar gida, ganga na tafasa, Tani na jiƙa ganye. Na ce, “Tani, a kashe wutar nan.” Ta ce, “Wace wuta?” Ban tsaya ba, na yi sallama a ƙofar ɗakin na ɗaga labule. Ta biyo ni da ganye a hannu tana cewa, “Malam, lafiyarka? Ɗakin surukarka ne fa!”

Fadila, ban gane ta ba. Tana zaune a bakin gado ta dafa gwiwoyi, baki buɗe, leɓɓanta sun yi duhu, fuska ta kumbura har idanu sun shige. Ɗakin kamar gidan burodi. Da ta gan ni sai ta jawo mayafi tana ƙoƙarin durƙusawa. “Ina wuni, Baba” sai da ta yanka shi gida uku. Na ce zauna, ɗiyata, don Allah zauna.

Na ce wa Tani ta danna ƙaurinta. Ta ce, “Yau kuma karatun ajin yamma ne ya kai ka koya mini jego? Ni aka yi mini, uwata aka yi mata, wa ya mutu?” Na ce, “Ki danna, in ya taso in fita in ba ki haƙuri gaban kowa.” Ta danna da fushi. Da ta ɗaga yatsa ramin ya zauna kamar a cikin ƙullin fura. Muka tsaya muna kallonsa, bai taso ba. Tani ta sake dannawa a ɗaya ƙafar. Sai ganyen ya faɗi daga hannunta. Ta ce, “Nusaiba, tun yaushe?” Yarinyar ta ce, “Inna, ban so ki ga kamar ban gode ba.”

Maƙwabcinmu Lawal ya fito da motarsa. Tani da kanta ta riƙe ta a baya a zaune, ni na rungumi takwara a gaba. Wannan ne ɗauka mafi tsawo da na yi masa, kuma ban ko dubi fuskarsa ba.

Suna ganinta suka wuce da ita ciki da gudu, aka sa mata robar iska a hanci, aka yi allurai. Washegari aka yi hoton zuciya. Likitar, wata mace mai gilashi, ta kira ni da Sagir ta ce zuciyar ta yi rauni ta buɗe, huhu ya cika da ruwa, kuma da an ƙara kwana biyu ba ta san abin da za ta ce mana ba. Tani na bakin ƙofa, ta shigo ta ce, “Likita, ki gaya mini gaskiya, ni na yi mata?” Likitar ta ce, “Mama, ciwon yana kama har waɗanda ba su taɓa shan kanwa ba. Ba ke kika sa mata ba. Amma kanwar da zafin sun ƙara mata nauyi, kuma jinkirin ya fi komai.” Tani ta ce to. Tun daga nan ban ga ta sa abinci a baki ba sai ruwa. Tana zaune a baranda da yaron a cinya, ba ta yi masa wasan miji. Jiya Nusaiba ta ce ba mai goge mata jiki sai Inna. Tani ta shiga ta yi, ta fito ta juya wa mutane baya ta daɗe.

Kumburin na sauka, numfashi ya fara daidaita, yau ta sha shayi ta ba yaron nono kaɗan. Amma an ce za ta daɗe tana shan magani. Wasu zuciyarsu na komawa daidai, wasu ba ta komawa. An kuma ce kada ta sake ɗaukar ciki sai an duba an ba da izini, kuma mai yiwuwa ba za a bayar ba. Sagir ya ji wannan ya fita waje, na same shi a gindin bishiya ya haɗa kai da gwiwa. Na zauna kusa da shi.

Duna na gida, Lawal ke ba shi ƙwayoyinsa a cikin tuwo.

Saura abu ɗaya, kuma ya fi ƙarfin takarda. Harira ba ta san komai ba, saƙon ƙarshe da ta samu daga gare ni shi ne ɗiyarta na hannu nagari. Labari zai kai mata ta bakin 'yan mota, kuma kin san yadda suke kai shi. Kada ki aiki mai nono. In hanya ta yi kyau ki je da kanki, da rana, ki gaya mata duka, har da inda muka yi jinkiri, kada ki rage don ki rufa mana asiri. Amma tana ganinki a ƙofar gida ba zato za ta ɗauka rasuwa kika kawo. Don haka kada ki tsaya gaisuwa, kada ki tambaye ta gida da gona. Tun daga bakin ƙofa ki ɗaga murya ki ce Nusaiba na da rai, sannan ki yi sallama.

Babanki,
Maliki